Baba Ya Faɗi

Daura, tsakiyar bazara

Zuwa ga ƙanena Yazid, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Murjanatu da 'yarku Ummukulsum. Yaya ƙirjin nata? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafi, wanda ko kaji ba sa yarda su fito da rana.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Sama'ila direban motar shanu, alhali ga waya a hannun kowa. To, na rantse ba zan ƙara ɗaga wayarka ba sai ka gane abin da ka yi mini, kuma ba ni da niyyar yin kaffara saboda kai.

Da ka zo hutu ka shiga madafata ka ɗauki hoto, na zaci na tunawa da gida ne. Ashe a guruf ɗin wasap za ka saka. Bangona baƙi ƙirin da kunkunniya, ni ina tsugune ina hura wuta, ido jajir, ka rubuta a ƙasa wai ga yadda hayaƙin itace ke cinye huhun iyayenmu mata. Ni ce iyayenku mata? Har a gidan suna aka tare ni ana tambayata ko na fara tarin jini. Wata ta ce ta daina sayen ƙuli-ƙulina. Da wutar nan aka dafa tuwon da ka ci duk shekarun da Inna Shatu ta kawo ka daga Baure wurin Baba, kawunka, ka zauna gidanmu kana karatu, ban ji ka ce yana warin hayaƙi ba. Shi ya sa na fita daga guruf ɗin. Murhun ƙarfen da ka aiko kuwa yana nan cikin kwalinsa, kaza ma ta fara ƙwai a kai.

Amma ba don kaina na rubuto ba. Don Baba ne.

Tun da ka ɗaura masa agogon nan mai ƙirga taku, ka zuba shi a guruf ɗaya da 'yan majalisarsu, gidan nan bai zauna lafiya ba. Na yarda likita ya ce ya riƙa motsa jiki saboda suga da hawan jini. Likita bai ce a yi tsere ba. Kullum da magariba waya sai ta jero sunayensu, wane na ɗaya, wane na ƙarshe, kai kuma daga can kana manna wa na ɗaya hoton kofi. Ka san halin Baba. Ka kuma san abin da ke tsakaninsa da Anselm mai shagon kayan gyaran babur. Tun kafin a haife ni suke abota, kuma ko a dara babu wanda ya taɓa yarda ɗan'uwansa ya fi shi. Anselm bai kai Baba shekaru ba, ba shi da suga, amma ka haɗa su tsere.

Yanzu Baba ya jingine babur ɗinsa a zaure, wai kai ka gaya musu duk wanda ya bar babur ya taka da ƙafa ya rage wa duniya hayaƙi. Dillalin shanu mai furfura, ranar kasuwa ya tafi kara da ƙafa, ya dawo da ƙafa, rana tsaka. Shekaranjiya na kai masa abinci bayan la'asar, na tarar da shi yana zagaya tsakar gida kamar wanda ya ɓatar da allura.

Na ce, “Baba, lafiya?”

Ya ce, “Anselm ya wuce ni da kaɗan. Matsa mini, kin tsaya a hanya.”

Abincin sai da ya huce bai taɓa ba. Ka cire shi daga wannan abin, Yazid. Kai yake jin maganarka yanzu, ba ni ba.

Yayarka,
Haulatu.

Ina naɗe takardar nan Ikilima maƙwabciyata ta shigo ta ce Baba ya faɗi, a wannan gasar taku ta banza. Sai ka ji daɗi. Na tafi.

*

Fatakwal

Zuwa ga Yaya Haulatu.

Wa alaikumus salam. Na karɓi takardarki, na kuma gode da tambayar Ummukulsum. Da sauƙi, amma duk lokacin da gari ya yi duhu da hayaƙi sai numfashinta ya riƙa fito. Murjanatu tana gaishe ki. A gaishe mini da Kawu Audi da yara.

Maganar hoto, ki yi haƙuri in ya ɓata miki rai. Ban yi don cin fuska ba. Yaya, da kin ga garin nan da kin gane ni. Ki shanya farar riga da safe, kafin azahar ta koma ruwan toka. Ki share hancin yarinya, ki ga baƙi a ƙyalle. A asibitin da nake aiki kullum ina ganin mata masu ciwon ƙirji waɗanda ba su taɓa riƙe taba ba, murhu ne kawai. Da na shiga madafarki na ji kina tari, su na tuna. Gaskiya ce na faɗa, ko da ta yi ɗaci.

Batun Kawu kuma, ina jin kin cika tsoro. Kin manta yadda yake a da? Daga zaure zuwa masallaci sai ya hau babur. Shekara da shekaru kina masa faɗan suga a koko, bai daina ba. Likita ya yi, ni na yi. Amma ranar da Malam Muhammad, ɗan majalisarsu, ya saka hoton kokonsa a guruf ya rubuta babu suga, washegari Kawu ya daina. Mutum ba ya canja hali don an yi masa wa'azi, sai ya ga tsaransa sun canja. Abin da wayar take yi ke nan. Yanzu rabin 'yan majalisar sun rage hawan babur, sun huta da sayen mai, gari ya huta da hayaƙinsu. Awon sugan Kawu na baya da ya turo mini, ban taɓa ganin ya yi kyau haka ba.

Ƙarshen takardarki kuwa ya ba ni dariya har Murjanatu ta leƙo. Wai Baba ya faɗi! To ai wasa ne, Yaya, yau ka ci gobe a ci ka. Na duba, ranar ce kawai Anselm ya kayar da shi. Tun daga nan ya farfaɗo. Yanzu shi da Anselm kunnen doki suke yi kusan kullum, kai ka ce tare suke tafiya, wani lokacin ma Kawu ne a sama. Na kira shi jiya, ya ce garau yake, har yana tsokanata wai ni da nake yaro ban kai su ba.

Don haka ba zan cire shi ba. Ki bar dattijo ya ji daɗin abinsa. Ki kuma kori kazar nan ki gwada murhun ko sau ɗaya.

Ƙanenki,
Yazid.

*

Daura

Yazid.

Sallama dai na yi maka don addini. Lafiyar da ake tambaya a farkon takarda, bari in ba ka labarinta.

Motar Sama'ila ta lalace a hanya, takardarka ta daɗe ba ta iso ba. A bakin gadon asibiti na karanta ta. Da na zo wurin da ka ce ka yi dariya har matarka ta leƙo, sai da na fita waje don kada Baba ya ga fuskata.

Baba ya faɗi ƙasa, Yazid. Ƙasa. Ranar kasuwa ya sha maganin suga da safe, bai karya ba don yana sauri, ya tafi kara da ƙafa. A hanyar dawowa wani mai adaidaita da ya san shi ya tsaya ya ce ya shigo kyauta, ya ce a'a, saura kaɗan ya kamo Anselm. Jiri ya ɗebe shi a bakin kwalbati. Ƙugunsa ya karye. An yi masa aiki, an saka ƙarfe. Mutumin da ke riƙe bijimi da hannu ɗaya, yau sai na juya shi a gado kamar jariri, yana kawar da kai don kunya.

Kana mamakin yadda yake kunnen doki da Anselm? Bari in warware maka. Da ya farfaɗo, kafin ya tambayi ƙafarsa, agogonsa ya tambaya. Ya sa duk 'yan majalisa suka yi masa alkawarin ba wanda zai faɗa a guruf, wai kada yaron nan ya ce kawunsa ya gaza. Sannan ya kira Anselm.

Ya ce, “Ɗaura wannan a ɗaya hannun.”

Anselm ya ce, “Audi, wannan ai ƙarya ce.”

Ya ce, “Ƙarya ce. Ɗaura.”

Tun ranar Anselm yake yawo a garin nan da agogo biyu, yara suna masa dariya. Da yamma ya kawo asibiti a haɗa da wayar Baba. Wata rana ya cire nasa ya ajiye a shago, ya zagaya unguwa da na Baba kaɗai, don Baba ya zo na ɗaya ya ci abinci da daɗin rai. Matarsa Nwanneka ce take kawo mana farfesu. Ita ta gaya mini Anselm ba ya iya cin abinci, yana cewa shi ya kayar da abokinsa. Shi da bai haɗa gasar ba yana ganin laifinsa, kai da ka haɗa kana manna kofi.

Ka ce ka kira shi ya ce garau yake. Ina tsaye a kansa. Ya danne zafi ya yi maka dariya, yana ajiye wayar ya ciji filo. Kai ma'aikacin asibiti ne, ba ka ji komai a muryar ba? Ko tunda waya ta ce yana tafiya, shi ke nan?

Sai maganar rage wa duniya hayaƙi. Duk lokacin da Murjanatu ta kira ni a da, ba na jin muryarta sai ƙarar janaretonku. Da mota kake zuwa aiki, gilashi a rufe, sanyi na busa ka. Babur ɗin Baba, ko ya shekara yana hawa, hayaƙinsa bai kai na makonku ɗaya ba. Amma shi ne zai taka a rana don duniya ta huce. Ku da kuka ɓata, ku zauna a inuwa, tsofaffin Daura su biya da ƙafafunsu. Wane irin adalci ne wannan?

Likita ya ce zai tashi, amma bai ce zai koma kamar da ba. Kada ka gaya masa na faɗa maka. Ko kuma ka gaya masa, na gaji da rufa wa kowa asiri.

Haulatu.

*

Fatakwal

Yaya Haulatu,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya jikin Kawu? Allah ya tashi kafaɗunsa. Ban san yadda zan fara ba.

A tsaye na karanta takardarki a tashar da ake sauke shanu, Sama'ila yana kallona. Ashe shi ma ya sani. Na kira Anselm nan take. Da ya ji muryata sai ya ce, “Yazid, ka ji ko?” Sai ya fashe da kuka. Ban taɓa jin babban mutum yana kuka a waya haka ba.

Laifina ne. Na san Kawu yana shan maganin suga, na san zafin Daura, na san ba ya yarda a fi shi. Duk na sani, amma ban taɓa rubuta musu cewa kada a fita da rana ba, kada a fita ba a karya ba. Ina ganin suna yana hawa sai in ji daɗi. Na kashe jerin sunayen gaba ɗaya, babu sauran na ɗaya ko na ƙarshe. Hotonki ma na goge, na kuma rubuta a gaban kowa cewa na ɗauka ba da izninki ba, na ci mutuncin yayata, ina neman afuwa.

Amma ni ma raina a ɓace yake, kuma sai na faɗa. Mutumin da ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa yana ɗakin tiyata, ke kina da lambata, kika zaɓi rantsuwarki. Kira ɗaya ya isa. Kika rubuta mini kalma mai fuska biyu a gindin takarda, kika bar ni ina yi wa mai karaya barkwanci a waya. Da wani abu ya same shi a ɗakin nan fa? A bakin direba zan ji? Fushin hoto ya kai nan?

Maganar janareto, kin yi gaskiya, ta kuma shige ni. Ba zan iya kashe shi gaba ɗaya ba, don injin da Ummukulsum ke shaƙar magani da shi wuta yake so. Motar dai na ajiye, motar ma'aikata nake bi yanzu. Ban faɗa don ki yaba ba.

Abu ɗaya ne ba zan janye ba. Tafiyar ba ita ce ta karya shi ba, tseren ne. In ya kwanta ya daina motsi saboda tsoro, sugan zai yi masa abin da ya fi karaya. Don Allah in likita ya ce ya fara takawa, kada ki hana. Tarinki ma ban janye ba.

Na nemi hutu, sun ce sai wanda zai riƙe mini aiki ya dawo. Na kira Kawu, ya ƙi ɗagawa. Ki gaya masa ban taɓa ganin ya gaza ba.

Ƙanenki,
Yazid.

*

Daura, farkon damina

Zuwa ga Yazid.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, an yi ruwan farko, gari ya yi sanyi. Ina gaida Murjanatu. Na ba Sama'ila zuma ya kawo wa Ummukulsum, ka karɓa, kada ya shanye a hanya.

Na yi shiru da gangan, don da na amsa a lokacin da abin da zan rubuta ba zai karantu ba. Ka ce na zaɓi rantsuwa. Ranar da nake neman mayafi in ruga wurin Baba, ban tsaya auna kalma ba. Daga baya kuma Baba ne ya riƙe hannuna ya ce in na kira ka bai yafe ba. Duk da haka da na kira. Na ciyar da miskinai na warware rantsuwar, don haka kana iya kira, amma ba lokacin da nake tuya ba.

Ikilima ta nuna mini abin da ka rubuta a guruf. Na gani. Wadda ta daina sayen ƙuli-ƙulina dai ba ta dawo ba.

Murhunka na fitar da shi daga kwali, kuma kada ka ɗauka don kai ne. Na je yi wa Nwanneka godiya na tarar irinsa take amfani da shi, ta dafa wake da 'yan ƙirare ƙalilan ina zaune, idona bai yi ruwa ba. Ikilima ta ara ta gwada, ta sayi nata. Sai na ga ni kaɗai na rage a layin ina fitowa ina warin hayaƙi. Yana da kyau a girki. Babban kaskon tuya kuwa ba ya zama a kai, wanda ya ƙera shi bai taɓa soya ƙuli-ƙuli ba. Ka gaya musu.

Baba ya dawo gida. Ranar Juma'ar da ta wuce ya fara fita, da sanda, zuwa masallacin unguwa. Ban san sun shirya ba. Ina buɗe ƙofa na ga 'yan majalisa a tsaye, har da Malam Muhammad da ciwon gwiwarsa. Ba wanda ya zo da babur. Suka sa shi a gaba, in ya tsaya su tsaya, in ya ɗaga ƙafa su ɗaga. Tafiyar da yaro zai yi kafin a ɗaura zani, sai da liman ya kusa hawa mumbari suka isa. Anselm ya raka su har bakin ƙofa, ya zauna a kan dakali yana gadin takalma har aka idar. Ni ina bayansu daga nesa, ina share ido da bakin mayafi ina jin haushinku gaba ɗaya.

Yanzu kullum bayan sallar asuba, in sun karya, suna zagaya unguwa tare a hankali. Ni na kafa sharaɗin karyawar, kuma ni nake tsayawa a zaure in tabbatar.

To ga abin da ya sa na rubuto. Da suka dawo ranar nan, yana haki, gumi har gemu, ya miƙo mini waya.

Ya ce, “Duba mini, na nawa na zo?”

Na ce, “Baba, Yazid ya kashe wannan abin.”

Ya ce, “Da izinin wa?”

Ya yi faɗa har sai da Ikilima ta leƙo ta katanga. Wai ka mayar da su yara, wai shi ya faɗi ba kai ba, wai sai yanzu da ya ga dabarar da zai kayar da Anselm. Ya ce in rubuta maka ka mayar. Na rubuta kamar yadda ya ce. In ka mayar, wallahi har Fatakwal zan biyo motar shanu in same ka.

Na gaya masa saƙonka. Ya juya fuska bango. Sai washegari yana shan koko ya ce likita ya yarda ya koma kara bayan damina, a adaidaita, amma daga bakin titi zuwa cikin turke sai ya dafa kafaɗar wani. Anselm ya ce shi zai raka shi, ya ce a'a. Na ce in samo masa wani cikin dillalai, ya ce a'a. Ya ce yaron da ya jefa shi a kwalbati shi zai dafa, kuma ba zai taka kara ba sai ya zo.

Abokan cinikinsa sun fara komawa wurin wasu dillalai, Yazid. Ka san abin da za ka gaya wa masu ba ka hutu.

Yayarka,
Haulatu.